Me Ya Sa Walat Ɗin Kirifto Ba Ya Gama Ginuwa?

Daga Dutse nake magana kamar kullum, kuma ga waɗanda data ba ta ishe su sauraren murya ba, ga rubutaccen shirin nan a karanta a natse.

Wata tambaya da kawuna ya yi mini ita ce ta haifar da shirin yau. Kawun nan nawa ɗan kasuwa ne, yana harkar riɗi da dabino tsakanin Shuwarin da Dutse. Ɗansa da ke aiki a ƙasar waje yakan turo masa ɗan abin da ya samu ta USDT, ni ne kuma na saka masa walat a waya. Rannan da yamma ya miƙo mini wayar rai a ɓace, ya ce, "Kai ɗan nan, wannan abin naku kullum sai ya ce a sabunta shi, yana cinye mini data. Wai ba su gama gina shi ba ne suka ba mutane?"

Na yi dariya, na ce, "Kawu, ai ba a gama shi. Ranar da aka ce an gama, a ranar ya kamata ka kwashe kuɗinka."

Bai ji daɗin amsar ba, kuma yana da gaskiya, don ban yi masa bayani ba. To bayanin ne zan yi yau, har da wani kuskure da ni kaina na tafka.

Mu fara da abin da walat yake. Mutane da yawa sun ɗauka kuɗin yana cikin waya ne, kamar yadda takardun naira suke cikin lalita. A'a. Kuɗin yana rubuce a babban kundin da ake kira bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a duniya suke riƙe da kwafinsa. Abin da ke wayarka makulli ne kawai. Aikin manhajar walat guda huɗu ne: ta ƙirƙiri makullin, ta ɓoye shi, ta sa hannu da shi in za ka tura kuɗi, sannan ta riƙa tambayar kundin nawa ya shigo nawa ya fita. Kalmomin nan 12 ko 24 da aka ce ka rubuta a takarda, su ne uwar makullan gaba ɗaya. A yawancin walat ana zaɓo su ne daga jerin kalmomi 2,048, bisa wani tsari mai suna BIP39 da aka fitar a 2013. Masu Pi Network ma sun san zancen, kalmomi 24 aka ba su.

To duk waɗannan ayyuka huɗun, rubutu ne wani ɗan Adam ya zauna ya rubuta wa na'ura, layi bayan layi. Shi muke kira kod. Kuma kod kamar gidan ƙasa yake. Ko ka gina shi da kyau, kowace damina sai ka sake yaɓe. Android yana canzawa, ƙa'idojin bulokcen suna canzawa, ɓarayi kuma kullum suna zagaya katangar suna neman inda ta tsage.

Bari in kawo misalai na gaske, don kada a ce labarin gizo nake yi.

Wuri na farko da walat yake tsagewa shi ne wurin haihuwar makulli. Ana so makullin ya fito daga zaɓen da babu wanda zai iya hasashensa. Kalmomi 12 in an yi su daidai, yawan yiwuwarsu lamba ce mai alƙalumma 39. Duk kwamfutocin duniya ba za su gama gwada su ba. Amma a 2023 masu bincike suka gano cewa wani kayan aiki mai suna Libbitcoin Explorer yana haifar da makullai daga yiwuwa biliyan 4.3 kacal. A kunne biliyan 4.3 abu ne mai yawa, amma kwamfuta mai ɗan ƙarfi a 'yan kwanaki za ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Haka kuwa aka yi, ɓarayi suka kwashe kuɗin mutanen da ba su taɓa nuna wa kowa kalmominsu ba. Irin wannan raunin ya taɓa samun Trust Wallet na burauzar kwamfuta a watan Nuwamba 2022, kamfanin ya toshe, ya kuma bayyana wa jama'a a watan Afrilu 2023. Tun a watan Agusta 2013 ma an samu makamancinsa a cikin Android kansa, ya shafi walat ɗin Bitcoin da dama.

A nan akwai abin da nake so kowa ya riƙe. Idan makulli ya fito da rauni tun daga haihuwa, sabunta manhaja ba ya warkar da shi. Sai dai ka buɗe sabon walat da sababbin kalmomi ka mayar da kuɗinka can. Shi ya sa mai kula da kod aikinsa bai ƙare a gyara ba, dole ya fito ya gaya wa mutane ƙarara su waye abin ya shafa da abin da za su yi.

Wuri na biyu shi ne kayan aro. Babu mai rubuta manhaja shi kaɗai daga tushe. Muna ɗauko guntayen kod da wasu suka rubuta suka bayar kyauta, muna kiransu laburare. Manhaja ɗaya tana iya tsayawa a kan ɗaruruwansu, kowanne kuma shi ma ya aro daga wani. A watan Nuwamba 2018 aka gano abin da ya faru da wani laburare mai suna event-stream, wanda ake saukewa kusan sau miliyan 2 a mako. Mai shi ya daɗe da daina amfani da shi, sai wani baƙo ya ce a ba shi ya ci gaba da kula. Aka ba shi. Ashe da manufa ya zo. Ya cusa ɓoyayyen kod wanda ba ya motsi a ko'ina sai in ya tsinci kansa a cikin walat ɗin Copay, a nan ne yake ƙoƙarin sace makullan masu kuɗi da yawa. Kod ɗin ya shiga fitowar Copay daga 5.0.2 zuwa 5.1.0. Masu Copay ba su rubuta layi ɗaya na sata ba, ta ƙofar da suka amince da ita aka shigo musu.

Ran 14 ga Disamba 2023 aka sake yin irinsa da wani laburare na kamfanin Ledger. An yaudari wani tsohon ma'aikacinsu aka karɓe shigarsa, aka ɗora gurɓataccen kod, a 'yan sa'o'i aka sace kimanin dala 600,000. Kun ga ke nan har cire sunan wanda ya bar aiki daga jerin masu izini yana cikin kula da kod.

Wuri na uku kuwa abin tausayi ne, don niyya mai kyau ce take jawo shi. Mu masu rubuta manhaja muna son sanin inda ta samu matsala a wayar mutane, sai mu sa ta riƙa turo mana rahoto. A watan Agusta 2022 aka kwashe sama da walat 9,000 a kan Solana, kimanin dala miliyan 4. Bincike ya kai ga walat ɗin Slope, wanda yake tura kalmomin sirrin mutane cikin irin wannan rahoton zuwa wata saba. Wato kamar mai gadi ne ya rubuta lambar buɗe sito a littafin da kowa yake sa hannu a bakin ƙofa.

To yanzu mu zo kan maganar sauri, wadda ita ta fi shafar mu a nan Jigawa.

Yawancin waɗanda suka rubuta manhajojin nan suna zaune ne inda intanet ba ya yankewa, wuta ba ta ɗaukewa, wayarsu kuma sabuwa ce. Mu kuwa kun san halin da muke ciki. Wayar kawu ƙaramar Android ce, wurin ajiyarta kullum a cike, batir sai an kai wurin masu caji. Sabis a cikin gari lafiya lau, da ka kama hanyar ƙauye sai ya fara wasan ɓuya. Manhajar da ba a daidaita ta da irin wannan yanayin ba, ba za ta yi mana amfani ba. Ko eNaira da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar ran 25 ga Oktoba 2021, 'yan kwanaki da fitowa manhajar ta ɓace daga Play Store bayan ƙorafin jama'a, sannan ta dawo, daga baya kuma a 2022 aka ƙara hanyar *997# saboda masu ƙananan wayoyi. eNaira kuɗin gwamnati ne, ba kirifto irin Bitcoin ba, amma darasin ɗaya ne: ranar ƙaddamarwa ita ce ranar da aikin gaske yake farawa.

Ni da abokaina biyu mun taɓa gina ɗan ƙaramin walat na Bitcoin don koyo. A kan hanyar gwaji muka ɗora shi, inda kuɗin na wasa ne, ba shi da daraja ko ta kobo. Alhamdu lillahi da muka yi haka.

Wata rana na shiga mota daga Dutse zan je Jahun ta Kiyawa, ina gwada shi a hanya. Da na danna tura, sai ya tsaya yana juyi yana jiran amsar saba, wani lokacin har minti guda. Abin ya ba ni haushi. Da na dawo gida da daddare na ce zan gyara. Na rubuta cewa in daƙiƙa kaɗan suka wuce babu amsa, manhajar ta sake haɗa sabon biya ta tura. Akwai wani mataki da muke da shi na tambayar kundin ko na farkon ya isa, shi ne yake cin lokaci, sai na cire shi. Na gwada a ɗaki, abu kamar walƙiya. Na kwanta ina jin ni gwani ne.

Mako na zagayowa na sake bin hanyar. Na tura wa abokina kuɗin gwaji sau ɗaya. Kafin in isa sai ga kiransa: "Malam, lafiya? Sau biyu ka biya ni fa."

Ga abin da ya faru. Biyan farko ya fita lafiya ya isa. Amsar da za ta dawo ta ce ya isa, ita ce ta ɓata a hanya da sabis ya yanke. Manhajar ta ɗauka shiru yana nufin bai tafi ba, ta zaɓi wasu kuɗin daban a walat ɗin, ta sa hannu, ta sake biya. A wurin bulokcen biya biyu ne halastattu, kowanne da sa hannuna.

Kowa a nan ya san irin wannan a wurin mai POS: na'ura ta ce bai yi ba, amma an cire kuɗi. Sai dai a can akwai banki, ka je ka cike takarda, ka yi haƙuri, a mayar maka. A bulokcen babu ofishin da za ka je. In wanda ka tura wa mutumin kirki ne ya dawo maka, in ba haka ba shi ke nan. Na zauna na yi tunanin a ce kuɗin riɗin kawu ne, gumi ya karyo mini.

Gyaran bai da wuya da muka gane. Manhaja ta sa hannu sau ɗaya tak, ta ajiye wannan biyan a cikin waya kafin ta tura. In amsa ba ta zo ba, shi ɗin dai za ta sake turawa, ba sabo ba. Biya ɗaya ko sau goma ka tura shi, sau ɗaya kundin zai karɓa, don lambar shaidarsa ɗaya ce. Matakin tambayar da na cire kuma muka mayar da shi, amma muka sa yana gudana a bayan fage, allon yana nuna "an tura, ana jiran tabbaci". Saurin da nake nema ya samu, ba tare da an cire komai ba.

Kada ku ce don mu 'yan koyo ne. Manya ma ta taɓa cin su. Bitcoin Core ita ce babbar manhajar Bitcoin, ƙwararru daga ƙasashe da yawa suke duba kowane canji kafin ya shiga. A fitowar 0.14 ta 2017, don a ƙara saurin tantancewa, aka tsallake wani bincike da ke hana a kashe kuɗi ɗaya sau biyu a cikin biya guda, bisa tunanin cewa akwai wani binciken a gaba da zai kama. Lokacin da aka rage bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Sai a fitowa ta gaba, 0.15, aka sake fasalin wancan wurin na gaba saboda wani dalili daban. Canji biyu, kowanne shi kaɗai da alamar lafiya, da suka haɗu sai ƙofa ta buɗe: mai haƙa da ya san sirrin zai iya ƙirƙirar Bitcoin daga babu. Fiye da shekara guda abin yana nan ba a lura ba, sai ran 17 ga Satumba 2018 wani ya kai rahoto a asirce, washegari aka fitar da gyara a 0.16.3. Ba a yi amfani da ɓarakar a kan kuɗin gaske ba. A ɓangaren tantancewa ne abin ya faru, ba a ɓangaren walat ba, amma duk walat ɗin duniya a kan wannan tantancewar suke dogaro.

Saboda haka ga ƙa'idar da na ɗora wa kaina: duk saurin da sai na cire wani bincike zan same shi, ba na so. Garaje ba ƙarfi ba ne.

To ina ake samo saurin halal? Wurare suna da yawa. Na ɗaya, ka auna kafin ka taɓa. Sau da yawa inda kake zargi ba nan ne jinkirin yake ba. Mu da muka auna, sai muka ga manhajar tana sake karanto tarihin walat tun daga farko duk lokacin da aka buɗe ta. Muka sa ta tuna inda ta tsaya, ta nemo sabon abin da ya ƙaru kawai. Data ta ragu, batir ya huta. Na biyu, in babu sabis ka nuna tsohon lissafi, amma ka rubuta a fili cewa na ƙarfe kaza ne, kada ɗan kasuwa ya saki kaya a kan lissafin jiya. Na uku, ka zubar da laburaren da ba ka amfani da shi. Manhaja ta yi sauƙi, ƙofofin ɓarayi su ragu.

Akwai kuma rage kuɗin tura. A Bitcoin kuɗinka guntu-guntu yake, kamar takardun naira a aljihu. In za ka biya 700, kana iya miƙa 500 da 200, kana iya miƙa 1,000 a ba ka canji, kana iya tara 50 guda 14. Bambancin shi ne a Bitcoin yawan guntayen yana ƙara nauyin biyan, nauyi kuma shi ake caja. Walat mai kyau yana neman haɗin da ya fi araha. Wani injiniya mai suna Mark Erhardt ya yi bincike a kan hanyar nemo haɗin da ba ya buƙatar canji, aka saka ta a Bitcoin Core 0.17 a 2018. Haka nan adireshin SegWit, wanda ya fara aiki a watan Agusta 2017, ya fi tsohon adireshi arha wurin kashewa. Irin wannan gyaran mai walat ba ya ganinsa, a aljihunsa yake ji.

Ga ƙannena masu karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ga abin da muke yi yanzu kafin kowane canji ya shiga. Wanda ya rubuta ba shi ne zai amince ba, sai wani ya karanta. Kowane laburare mun ɗaure shi a kan fitowa guda, ba ya sabunta kansa sai mun duba abin da ya canza. Kowane kuskure da muka kama sai mun rubuta masa gwaji, don kada ya dawo ta bayan gida. Muna gwadawa a kan waya mafi araha da muke da ita, muna kashe data a tsakiyar tura kuɗi da gangan, muna kashe wayar ma. Muna ɗaukar kalmomin tsohon walat mu zuba a sabuwar fitowa mu ga ko adireshi iri ɗaya suka fito. Rahoton matsala kuma ba makulli a ciki, ba kalmomin sirri. Lissafin sirrin kansa ba ma rubuta namu, wanda masana suka daɗe suna tankaɗewa muke ɗauka.

Kuma kada wani ya ce wannan aikin sai Turawa. Kod ɗin Bitcoin Core a buɗe yake a GitHub, kowa zai iya karantawa daga Takur ko daga Birnin Kudu. Abubakar Nur Khalil ɗan Najeriya ne, ya ba da gudummawa a Bitcoin Core yana matashi, kuma yana cikin mutum huɗu da aka zaɓa a watan Disamba 2021 su jagoranci Btrust, gidauniyar da Jack Dorsey da Jay-Z suka kafa da Bitcoin 500 don tallafa wa masu wannan aikin a Afirka da wasu yankuna. Ba sai ka rubuta babban abu ba. Karanta gyaran wani, ka gwada shi a wayarka da sabis ɗinmu, ka rubuta abin da ka gani. Kuskuren da hanyar Jahun ta nuna mini, wanda ke zaune a Amurka zai iya shekara bai ci karo da shi ba.

Ku kuma masu amfani irin kawu, ku riƙa sabuntawa, amma ta ƙofar da kuka sauke manhajar tun farko. A watan Disamba 2018 masu walat ɗin Electrum sun ga saƙo a cikin manhajar kanta yana cewa su sauke sabuwar fitowa ta wani adireshi. Saƙon na ɓarayi ne, waɗanda suka bi suka yi asara. Duk sabuntawar da ta zo ta Telegram ko WhatsApp, ku bar ta. Kafin ku sabunta ku tabbata takardar kalmominku tana nan a ɓoye. Ku leƙa ku ga yaushe rabon masu manhajar da su taɓa ta. In ta shekara biyu ba a yi mata komai ba, gidan da ba a yaɓe ba ne, damina kuma tana tafe.

Na koma wurin kawu na yi masa wannan bayanin a taƙaice, da misalin yaɓen gida. Ya yi shiru, can ya ce, "To na ji. Amma datar sabuntawar kai za ka riƙa saya." Na ce na yarda, Kawu.

A nan za mu tsaya. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana kan yadda ake ajiye kalmomin sirri a gidan da yara da gara da ruwan sama duk suke da rabo a cikin takarda. Wanda yake da tambaya ya ajiye ta a ƙasa, amma don Allah kada kowa ya turo mini kalmominsa, ko ni ne na tambaya.